Yadda barkonon Inna ya hau saman kan amarya 🧵

1/
Jiya wata ta sake turo min hoton nan tana tambaya, "wai da gaske barkono ne a saman kan amaryar?" Eh, barkono ne. Na miya. Tunda tambayar ta yi yawa bari in ba ku labarin gaba ɗaya, har da wurin da ni ce mai laifi. Ku gyara zama, da ɗan tsawo.

2/
Ga waɗanda ba su san ni ba, ina aji uku a jami'a, ilimin tsirrai nake karanta. Ba shi na nema ba, likitanci na cike aka ba ni shi. Mu bar wannan maganar, tsohon ciwo ce. Kwalliyar wurin biki kuma na koye ta ne a yajin aikin 2022, wata takwas ɗin nan da muka yi a gida daga wanke-wanke sai kallon rufin ɗaki.

3/
Ƙananan ayyuka nake karɓa. Suna, walimar sauka, kamu idan mutanen ba su wuce ɗari ba. Balan-balan, labule, fulawar roba, 'yan fitilu. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma ita ke saya min data da takardun lakca, kuma tun da Abba ya yi ritaya ita ke cike min kuɗin rajista.

4/
Farkon Nuwamba yayar ƙawata ta kira ni. Aurenta ƙarshen Disamba, tana so in yi mata kamu. Irin Antin nan ce da ta san abin da take so, ma'aikaciya, ba ta da yawan magana. Ta turo hoto ɗaya daga Pinterest ta ce: "Ƙanwata, wannan nake so, sak. Kar in ga balan-balan ko ɗaya, na gaji da su."

5/
Hoton: wani ƙarfe ne mai lanƙwasa kamar bakin ƙofar zaure, an lulluɓe shi da busasshiyar ciyawa mai gashi fari sol, da busassun ganye an yanka su kamar mafici. Sai wasu 'yan ƙwallaye ruwan hoda, ƙanana kamar tsakiyar wuya, suna reto gungu-gungu kamar inabi. Gaskiya ya yi kyau. Su waɗannan 'yan ƙwallayen su ne suka ɗauke hoton.

6/
Na buɗa hoton da yatsa biyu, na ce a raina ai duwatsun roba ne, Sabon Gari cike take da su. Na ce "Anty an gama." Ban nemi kwana ɗaya in yi bincike ba. Muka daidaita a dubu 200, a daren ta turo dubu 120.

7/
Ga laifina na farko. Washegari na ciri dubu 65 daga kuɗin na cike rajista, don saura kwana uku a rufe shafin. Na san kuɗin aiki ba nawa ba ne sai an yi aikin. Na dai lallashi kaina da cewa duwatsun roba ko dubu 10 ba za su ci ba.

8/
Na shiga Sabon Gari ranar Asabar. Shago bakwai na zaga da wayata a hannu. A na bakwan wani dattijo mai sayar da fulawar roba ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, sai ya ce: "'Yata, wannan ba roba ba ce. Ɗan itace ne aka busar. Dubi sandar da ke riƙe da su."

9/
Ɗalibar ilimin tsirrai fa. Aji uku. Mai sayar da fulawar ROBA ne ya gaya min abin da nake kallo tsiro ne 😭 Da ƙasa za ta tsage da na shige.

10/
A cikin adaidaita na saka hoton a Google Lens. Masu sana'ar fulawa a Turai da Amurka suna ce masa pepperberry, wato 'ya'yan barkono. Na ce barkono kuma? Daren nan ban yi barci ba, na karanta abin da ban taɓa karantawa don jarrabawa ba. Ku yi haƙuri in ɗan yi muku lakca, don labarin ba zai fito ba sai da ita.

11/
Bishiya ce, sunanta na kimiyya Schinus molle. Asalinta yankin tsaunukan Andes ne, wajen Peru. Takan kai mita 15, rassanta a sunkuye kamar mai jin kunya, ba ta zubar da ganye, kuma tana jure fari. Akwai bishiya mace akwai namiji, macen ce kawai ke 'ya'ya. Mutanen can har abin sha suke haɗawa da 'ya'yan tun kafin daular Inka.

12/
Tana da 'yar'uwa daga Brazil, Schinus terebinthifolia, 'ya'yanta sun fi ja. Daga waɗannan biyun ake samun abin da masu girkin Turawa ke kira barkono ruwan hoda, wanda za ku gani a kwalba an cakuɗa da baƙi da fari da kore. Tsibirin Reunion na Faransa, can cikin tekun Indiya, ya yi suna wajen fitar da shi.

13/
Abin da ya ɗaure min kai: ba ta da wata dangantaka da barkono. Ko kaɗan. Danginta su ne mangwaro da yazawa, har da ɗanya da faru na dajinmu. Shi ya sa wanda jikinsa ba ya son yazawa ake gargaɗinsa da ita, kuma ƙaron bishiyar Brazil ɗin yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. A 1982 ma Amurka ta taɓa hana shigo da 'ya'yan daga Faransa na wani lokaci.

14/
Ashe sunan nan "barkono" a bakin Turawa rigar aro ce, kowa sakawa yake. Na asalin shi ne baƙin masoro na kanti, Piper nigrum, mai yaɗo yana hawa bishiya, daga gaɓar Malabar ta kudancin Indiya. Shi ne kayan da Turawa ke haukar nema. Vasco da Gama ya isa Calicut a 1498 saboda irin wannan fatauci.

15/
Kolumbus kuma a 1492 ya nufi yamma yana neman hanyar Indiya, ya faɗa nahiyar Amurka, ya tarar da mutane suna cin wani ja mai yaji, sai aka laƙaba masa sunan wancan. Shi ne barkononmu, da tattasai, da attarugu. Danginsu tumatir ne da gauta da dankalin Turawa da taba.

16/
Ma'ana barkonon da muke rantsuwa namu ne, baƙo ne. Shekara ɗari biyar da 'yan kai ke nan da ya fara ƙetaro teku, jiragen Fotugal suka taimaka wajen yaɗa shi a Afirka da Asiya. Kafin nan yajin kakanninmu masoro ne da kimba da citta. Ku ajiye wannan a gefe, za mu dawo kansa.

17/
Toh. Ilimi ya samu, kaya babu. Na fara bin masu sayar da busassun furanni a Instagram, yawanci Legas da Abuja. Ɗaya ta faɗa min kuɗin ƙulli ɗaya, na lissafa ƙulli nawa zai rufe ƙarfen nan, sai na ga ya ninka duk kuɗin aikin. Ta ƙara da cewa farashin yana bin dala, in zan biya in biya yau.

18/
Laifina na biyu: maimakon in kira Anty a ranar in ce ga halin da ake ciki, sai na ci gaba da neman araha. Kuma na samu. Wani shafi, hotuna masu kyau, ƙulli huɗu dubu 38 har da kuɗin mota. Na ce in na baza su da dabara, na cike gurbin da ciyawa, za su isa. Na tura.

19/
Sati uku ina jira. "An tura." "Yana hanya." "Motar ta lalace." Ana saura kwana tara kamu ƙanena ya karɓo min kwalin daga tasha. Tun daga yadda yake ƙara idan an girgiza, kamar caki, na sha jinin jikina.

20/
Abin da hoto ba ya gaya maka: wannan ruwan hodar da ke ɗaukar ido ɓawo ne kawai, siriri kamar fatar albasa, a cikinsa ƙwallo ne mai duhu. In ya bushe ko da yatsa ka murza fashewa yake. An zuba su a kwali ba auduga ba takarda, aka ɗora musu kaya tun daga kudu. Na buɗe na tarar da tsirarun sanduna, garin hoda, da ƙwallaye kamar kashin ɓera.

21/
Na tura musu hoto. Amsa: "Lafiya ƙalau muka ba direba." Daga nan ba a sake buɗe saƙona ba. Ba zan faɗi sunan shafin ba, kar ma ku tambaya. Ni na ga araha na rufe ido.

22/
Lissafi a daren: 120, cire 65, cire 38. Saura dubu 17, ban sayi ko zare ba. Na zauna a bakin gadon hostal ina kuka irin marar sautin nan don kar 'yan ɗaki su ji. Ba kuɗin kaɗai ba. Gidansu ƙawata gidanmu ne, Ummanta ta san Ummana tun kafin a haife mu. In na ɓata wannan kamun ba ciniki kawai na ɓata ba.

23/
Wani abin dariya a tsakiyar kukan: na tattara ƙwallayen a leda wai zan shuka, nan da 'yan shekaru in zama mai kawo kayan a Arewa gaba ɗaya 😂 Sai na ci karo da labarin Florida. An kai ta Brazil ɗin can don ado, tsuntsaye suka ci 'ya'yan suka baza irin, ta mamaye daji. Yanzu doka ta hana sayar da ita da shukata a jihar. Afirka ta Kudu ma fama suke da su.

24/
Duk wanda ya ga abin da kacala ta yi wa fadamun Haɗeja da Nguru ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na ƙona ledar a kurfoti.

25/
Ranar Juma'a Umma ta aike ni ƙauye in kai wa Inna magani. Inna kakata ce ta wajen uwa. Ban so zuwa ba, kaina cike yake, amma ba a ce wa Umma a'a. Ina shiga ta ɗago: "Ke kishiya, wa ya mutu? Ko mijin nawa ne ya ce ba ya yi da ke?" Na ce Inna ba komai. Ta ce "ba komai ba ya kumbura ido."

26/
Ina zaune a rumfarta ina shan fura na ɗaga kai. Jama'a. A jikin azarar rumfar, jere, an rataye barkono da itacensa gaba ɗaya, saiwa a sama kai a ƙasa. Ƙananan nan masu ɗan karen zafi. Ganyen ya bushe ya kakkaɓe, saura 'ya'yan, jajir, suna sheƙi, suna reto gungu-gungu. Na ajiye ludayin.

27/
Tun ina yarinya nake ganin wannan rumfar. Ban taɓa kallonta ba sai ranar.

28/
Na ce Inna me ya sa ba ki shanya wannan a tabarma kamar sauran ba? Ta ce na tabarma na daka ne. Wannan na ƙarshen kaka ne, takan tuge shi ta rataye a inuwa, don rana cinye masa ja take yi, in ya daɗe a cikinta sai ya koɗe. Ga iska tana ratsa shi ba ya ruɓa, in tana so ta miƙa hannu ta tsinka.

29/
Wallahi abin da shafukan masu busar da furanni suka rubuta ke nan, wanda na kwana ina karantawa da Turanci: a ɗaure, a juya kai ƙasa, a inuwa, inda iska ke wucewa. Inna ko aji ɗaya ba ta shiga ba.

30/
Na nuna mata hoton, na gaya mata komai, har rajistar. Ta yi shiru. Faɗan da ta yi min a kan kuɗin ba zan rubuta shi a nan ba, amma na ji shi har ƙashina. Sai da ta gama ta ce, "To yanzu kayan miya za ki rataya wa 'yar mutane a ka?" Na ce Inna dariya za a yi min ko?

31/
Ta ce, "Mu da aka kawo mu ɗakin miji da me aka yi mana jere? Ba kwalla da langa da tasoshi ba ne, da ƙorai da faifai? Duk kayan ci ne. Aka jera har rufin ɗaki, mata suka zo kallo daga wani gari. Abin da aka jera da kyau shi ne ado." Ta sa aka sauko min da ƙulli goma sha huɗu. Ta ƙi karɓar ko sisi, amma ta ce bashi ne, turmin atamfa take so da Sallah.

32/
Da idona ya buɗe sai komai ya fara fitowa. Ciyawa mai gashin nan ta hoton, pampas, daga Kudancin Amurka take ita ma. A bakin gonar kawuna ga kyasuwa ta bushe, kanta da gashi mai laushi. Maficin ganyen nan kuwa kaba ce, almakashi kawai take buƙata. Na haɗa da zangarniyar dawa, kan gero, da auduga a jikin karanta. Duka kuɗin mota ne kawai suka ci.

33/
Saura babban aikin: kiran Anty. Na rubuta saƙo na goge ya fi sau goma. Ƙarshe na je gidan da ƙafata, da kwalin garin hodar a hannu ɗaya, ƙullin barkono a ɗayan. Na durƙusa na faɗi gaskiya tun daga rajista. Ƙawata tana gefe kamar ta nutse.

34/
Anty ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Da kin gaya min tun Nuwamba da na canza hoto, ba wani abu ba ne. Yanzu kin bar ni da kwana shida." Sai ta kalli barkonon: "Ki rasa abin da za ki kawo min sai cefane? Dangin ango daga Abuja za su zo fa."

35/
A nan karatun daren nan ya yi rana. Na buɗe mata hotunan Espelette, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Faransa, inda ake rataye jan barkono a fararen bangayen gidaje, har biki suke masa duk Oktoba. Na nuna mata na New Mexico a Amurka, inda ake kitsa busasshen barkono a rataye a bakin ƙofa, suna ce masa ristra. Ta karɓi wayar tana ja da yatsa. Fuskar ta fara sakewa.

36/
Ta ce, "Au, ashe ana yi."

37/
Na ji daɗi, kuma abin ya sosa min rai. Barkonon bai canza ba daga minti biyar da suka wuce. Bangon da ke bayansa ne ya zama na Faransa. Amma ba ni da bakin magana, ni da kaina sai da Pinterest ya nuna min kafin in ga rumfar Inna. Ta ce in haɗa gwaji ta gani, in bai yi ba a sa farin labule kawai in dawo mata da kuɗinta, ko a hankali ne.

38/
Gwajin farko a ɗakin hostal na yi. Na ɗaure ƙulli uku a jikin ƙarfen gado, wata ta kunna fanka. Cikin minti biyu mu shida muna atishawa da tari, wata daga ɗakin kusa ta leƙo tana tambaya wa ke daka yaji da daren nan. An kusa kai ƙarata 😭

39/
Ga dalilin. Zafin barkono daga wani sinadari ne, capsaicin, kuma yawancinsa ba a ƙwayoyin yake ba kamar yadda muke cewa, yana jikin farin naman nan na ciki da ƙwayoyin ke manne da shi. In ɗan barkono bai fashe ba zafin na kulle a ciki. Waɗanda suka farfashe a mota su ne ke sakin ƙura. Tsuntsaye kuma ba sa jin sa sam, shi ya sa kajin Inna ke tsattsagarsa ko a jikinsu.

40/
Har ma'auni gare shi, wani Ba'amurke mai haɗa magani, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. Ƙaton koren tattasan nan na salak sifili ne. Dangin attarugu kan kai 100,000 zuwa 350,000. Na Inna ban auna ba, amma idona ya auna, don na manta na sosa shi wajen ƙarfe ɗaya na dare.

41/
Shawara kyauta: a hannu ruwa kaɗai ba ya fitar da shi, don ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa. Ku shafa man gyaɗa sannan ku wanke da sabulu. A ido kuwa ruwa mai tsafta, da yawa, da haƙuri. Mafi sauƙi dai ku sa safar hannu tun farko, kar ku zama ni.

42/
Kwana uku ni da ƙanena muna tsince fasassun ɗaya bayan ɗaya, muna goge masu lafiyar da tsumma. Sannan na sayi feshin nan marar launi da kafintoci ke yi wa katako don ya yi sheƙi, na fesa musu sau biyu a tsakar gida. Ƙura ta mutu, jan ya ƙara fitowa. Kyasuwar kuma feshin gashi na yi mata don kar ta yi ta zuba a kan mutane.

43/
Na tura wa Anty hoton gwaji. Awa huɗu shiru. Sai: "Ki rage dawar. Ki ƙara kabar ta hagu." Ban taɓa murnar gyara irin ta ranar ba.

44/
Ranar kamu a farfajiyar gidansu aka yi, bayan la'asar. Hazon hunturu ya sa hasken ya yi laushi. Amarya cikin farin saƙi da ratsin ja, ta zauna, jan barkonon yana reto a samanta cikin kaba da auduga. Ba hoton Pinterest ba ne. Wancan sanyi gare shi, wannan kuwa wuta. Mai ɗaukar hoto ya zo ya ce min, "Hajiya daga ina kika yi odar wannan?" Na ce daga wajen wata babbar dila 😌

45/
Ina can baya ina sauke ajiyar zuciya, sai na hango wata gwaggon amarya ta matso jikin ƙarfen. Ta kalla. Ta shinshina. Ta tsinki ɗaya. Sai ta kwance bakin zaninta. Kafin in ƙifta ido sun zama su uku, ɗaya har da leda.

46/
BARKONON DA NA FESA WA FENTIN KATAKO.

47/
Ban san lokacin da na ratsa taron ba. Na durƙusa: "Gwaggo don Allah ku yi haƙuri, wannan ba na ci ba ne, akwai magani a jikinsa." Ta ce, "Ke 'yar nan, barkono ne ban sani ba? Almubazzaranci dai, ana tsadar kayan miya kun rataye shi a sama." Sai da na karɓi makirufo daga hannun mai gabatarwa na yi sanarwa da bakina, murya na rawa, gaban dangin Abuja.

48/
Wurin ya fashe da dariya, har amarya a ƙarƙashin mayafi kafaɗarta na girgiza. Ni kuwa ban yi dariya ba sai da na bi su ɗaya-ɗaya na karɓe. Na tsaya a jikin ƙarfen nan kamar mai gadi har aka tashi, saboda yara. Laifina na uku ke nan, ban taɓa tunanin za a ci kwalliya ba, alhali da abinci na yi ta.

49/
Kuma maganar gwaggo ta tsaya min. Ƙulli goma sha huɗu na Inna, yajin wata nawa ne a gidan? Na mayar da shi abin da ko kaza ba za a ba ba. Tun daga nan na daina fesa wannan abin. Yanzu tsincewa nake da gogewa kawai, in rataye shi sama inda hannun yaro ba ya kai, a waje ba cikin ɗaki mai fanka ba. In an tashi a kwance a raba wa masu so.

50/
Maganar kuɗi, tunda na san ita kuke jira. Cikon dubu 80 ne. Bayan sati biyu Anty ta turo dubu 50, da saƙo: "Ya yi kyau sosai, kowa na magana. Amma ba shi na ce ba, kuma kin sa na yi kwana shida ba barci." Ban ce uffan ba. Da ni ce ita da na cire fiye da haka.

51/
Ƙawata sai da ta yi wata guda tana amsa min da "ok" kafin mu dawo daidai. Umma har yau ba ta san zancen rajistar ba. In kin ga wannan zaren, Anty ƙarama, ke da na san kina bibiyata da wani asusun, don Allah ki bar ni in faɗa mata da kaina 🙏

52/
Daga hoton nan na samu aiki huɗu. Biyu sun ce "irin na barkonon nan." Ɗaya ta ce tana so amma kar ya yi kama da na ƙauye, na ce mata daga ƙauyen aka kawo shi, ba ta sake kira ba. Ta huɗun ta turo min hoton 'yan ƙwallaye ruwan hoda. Na ce ta ba ni kwana biyu, na dawo mata da farashin gaskiya da sunan bishiyar, na tambaye ta ko a gidansu akwai wanda yazawa ke ba matsala.

53/
Masu tambayar tattasai: na gwada, ya yi nauyi kuma yana yamutsewa, sai dai a zare a jere kamar carbi. Kimba kuma tana kyau a kan teburi, ga ƙamshi. Attarugu kar ku fara, nama gare shi, yakan ruɓe kafin ya bushe.

54/
Atamfar Inna na kai mata da ƙaramar Sallah. Ta juya ta, ta murza bakin da yatsa, ta ce ba laifi amma ba irin wadda take nufi ba ce. Na nuna mata hoton kamun a waya, ta kai shi kusa da ido ta daɗe, sai ta ce wancan ƙullin na gefen dama a karkace na ɗaure shi. Bana ta ƙara kunya biyu na barkono a bayan gida, kuma ta ce wannan karon ba bashi, kuɗi hannu.